Taken da Aka Sa wa Shagon Kawu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar Inna? Umma ta ce a gaya mata ta daina hawa kujera tana ciro kaya daga saman kabad, tunda Allah ya ba ta dogon miji. Mu nan lafiya lau, sai tarin da Umma ta yi fama da shi, shi ma ya lafa.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na kira, Kawu. Ina cewa ina wuni, kana cewa wa ya rasu. Kunnen nan naka ya gama da ni, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Direban nan maƙwabcinmu ya ce zai riƙa ajiye maka a shago duk sanda hanya ta bi da shi ta wajenku.

Albishirinka! A wurin aiki an mayar da ni teburin da ake sa wa labarai take. Ka san jaridarmu ba ta takarda ba ce, a waya ake karanta ta. Ofishin dogon ɗaki ne, da fanka mai kukan tsiya, da wani babban allo a bango da ke nuna yawan mutanen da ke karanta kowane labari. Kowa yana aiki yana satar kallon allon nan. In lambar labarinka ta hau, har tafiyarka sai ta canza.

Albishir na biyu ya fi na farko. Ka tuna zuwana hutu, da na maƙale a bencin shagonka ina damun ka da tambayoyi har ka ce in tashi in ba ka iska? To, na rubuta labarin shagon, kuma Edita, wato shugabarmu, ta karɓa. Ta tambaye ni yadda muke da kai, na ce kakata da mahaifinka ciki ɗaya suka fito. Ta ce wannan ai dangantaka ce ta nesa. Na ce ita ta ga nisa, ni a shagonka na koyi ƙirga da notuna.

Saura take, kuma nan gizo ke saƙar. Mai karatu a waya ba ya zama. Yana tafe yana jan allo da babban yatsa, ido ɗaya a kan labari, ɗaya a kan titi. Ƙiftawar ido kawai take ke da ita. Dole ya faɗi wane ne da mene ne, ya zama gajere, a sa kalma mai nauyi a gaba don ƙaramar waya tana yanke wutsiya. Sannan ya sa wa mutum ƙaiƙayin son sani, amma kada ya yi alkawarin abin da babu a cikin labarin.

Na fara da "Tarihin wani shagon gyaran keken ɗinki". Edita ta ce ya fi maganin barci aiki. Na kawo "Hannun da ke rayar da kekunan ɗinki", ta ce waƙa aka sa ni ko labari? Sai na tuna da abin da ka gaya mini muna dariya, na rubuta: "Mai gyaran keken ɗinki da bai iya ɗinki ba". Wannan har ta cire tabarau ta sake dubawa. Amma ba zan sa ba sai da izininka, don tsokana ce, kuma mutuncinka ne.

Ka gaishe da Inna da teloli masu zama a benci.

'Yarka,
Allura


Zuwa ga 'yata Allura,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Takardarki ta iso. Direban naku ta taga ya miƙo ta, ko tsayawa sosai bai yi ba, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Muna lafiya. Ƙafar Innarki da sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ta ce a gaya wa Ummarki dogon mijin nan sai an kira shi sau uku kafin ya ji. Ki gaishe ta da jiki, ta riƙa shan ruwan ɗumi.

Ikon Allah. Ashe har aiki ne a zauna ƙarƙashin fanka ana ɗora wa magana hula, kuma a biya mutum? Allah ya sa albarka. Tun kina ƙarama, siririya, kina cusa kai cikin kowane akwatin shago, na ce wannan Allura ce, ba inda ba za ta shiga ba.

Ni ma na taɓa yin aikin naku, sau ɗaya. Ranar da za a rubuta allon shagona, mai fenti ya ce a sa "ƙwararre", a sa "na zamani", a sa "sha yanzu magani yanzu". Na ce ya rubuta ANA GYARAN KEKEN ƊINKI ya sauko daga tsani. Allon yana nan har yau, fentin ya koɗe, kuma ba wanda ya taɓa kawo mini rediyo bisa kuskure.

Na karanta wa teloli taken nan naki uku. Na farko ko tari ba wanda ya yi. Na biyu, Mai Labule, wata mata da ke ɗinkin labule a bayan layinmu, ta ce ita ta ɗauka labarin likita ne. Na uku kuwa sai da wani ya kusa faɗowa daga benci. Na yarda, ki sa shi. Gaskiya ce ai. Keke ko ya shekara a ruwa zan tayar da shi, in saurari ƙararsa da tafin hannu tunda kunne ya ƙi, in san inda ke ciwo. Amma wandona in ya yage, Innarki nake roƙo.

Sai dai ga sharaɗi, ki buɗe kunnenki da ya fi nawa. Kada ki sa kalmar tsoho. Kada ki sa wani abu da zai sa a ji tausayina. Ba don girman kai ba, ga dalili. Ɗana, yayanki Injiniya, ya tasa ni gaba a kan in rufe shago mu koma gidansa. Ya gyara mana ɗaki a gidan sama, da kujera mai laushi da talabijin. In zauna in yi me? In ƙirga tantabaru ta taga? Yaron kirki ne, ba na musu. Shi ya canza mini tabarau, shi ya sa mini fitilar nan mai wuya a kan tebur, shi ke kai mu asibiti. Amma tausayinsa ya fi ƙarfina. Da ƙyar muka tsaya a kan cewa muddin hannuna ba ya rawa, kuma ba wanda ya ce ina wahala, zai ƙyale ni. Shagon nan shi ne dalilin da nake sa takalmi da safe. Kada ki miƙa masa sandar da zai kore ni da ita.

In labarin ya fito, Mai Labule za ta nuna mini a wayarta.

Kawunki


Kawu!

Gaisuwa a tsaye, direba yana waje yana danna mini ham. Kowa lafiya, Umma ta warke sarai.

Labarin ya fito yau da safe. Na duba a wayata, ga hotonka, ga takenmu. Kawu, ka ga allon ofis kuwa? Lambar sai hawa take kamar farashin kaya. Kafin azahar mun wuce labarin ƙwallo, mun wuce na siyasa. Edita ta wuce ta bayana ta dafa kafaɗata ta ce, "Taken nan ya ci." Ita da ko sannu ba ta cika yi ba! Ban taɓa jin daɗin aiki irin na yau ba. Yanzu duniya ta san halin da kake ciki a shagon nan, kuma wallahi ko a jikina in wani ya ji haushi.

Sai na ji daga gare ka.

Allurarka


Zuwa ga 'yar jarida,

Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Zan faɗa miki abin da ya faru a jere, don kada ki ce tsufa ya sa na haɗa gaba da baya.

Ranar da labarin ya fito, Mai Labule ta shigo da waya a hannu tana dariya. Na sa tabarau na karanta da idona: "Mai gyaran keken ɗinki da bai iya ɗinki ba". Aka yi ta tsokanata har yamma. Na koma gida ina jin kaina kamar an ƙara mini tsawo.

Washegari ina cikin daidaita wa wani tela zare, sai ga motar yayanki. Ya shigo ko gaisuwar kirki babu, fuskar nan kamar hadari. Ya ce, "Baba, abin da za ka yi mana ke nan? Ka sa a buga a duniya cewa mun yar da kai?" Na ce wace irin magana ce wannan. Ya ce taken labarin cewa ya yi: "'Ya'yansa na gidan sama, shi yana fama a shago da tsufansa".

Na ce ƙarya ne, na gani da idona. Ya rantse, na rantse. Raina ya ɓaci, na ce masa maƙaryaci, na ce ƙirƙira ya yi don ya samu hanyar fitar da ni daga shago. A gaban teloli na faɗa. Tunda na haifi yaron nan ban taɓa jifan sa da wannan kalma ba.

Sai ya ciro waya ya ɗora a kan tebur ƙarƙashin fitila. Ga hotona na sunkuya, tabarau a kan hanci, ga maganar da ya faɗa a sama, baƙi ƙirin. Na aika a kira Mai Labule. Ta buɗe tata, nan ma taken ya koma haka. Ta yi ta juya wayar tana salati.

A ƙasan labarin mutane sun yi ta rubutu. Yayanki ya karanta mini kaɗan. Wani ya ce Allah ya isa tsakaninsa da 'ya'yan zamani. Wata ta ce a nemo ɗan a kunyata shi. Abokan aikinsa ne suka fara tura masa, har da mai tambayar ko a haɗa wa babansa taimako. Matarsa ta yi kuka. Ƙanwarsa da ke aure nesa ta kira Innarki tana cewa me suka yi mini.

Ya ce magana ta ƙare. Sharaɗinmu shi ne kada wani ya ce ina wahala, to ga duniya ta faɗa. Ya riga ya yi magana da mai ginin. Ƙarshen wata zai zo da motar kaya. Da wane baki zan yi masa gardama, bayan abin da na kira shi?

Duk da haka ina ce wa Innarki ba ke ba ce, akwai yadda aka yi. Sai ga direbanku da takardarki. Na buɗe da sauri ina cewa ga bayani ya zo. Na karanta cewa taken ya ci. Na karanta cewa ba ki taɓa jin daɗi irin na ranar ba, cewa duniya ta san halin da nake ciki, kuma ko a jikinki in wani ya ji haushi. Na ninke ta na sa a aljihu, na kasa ƙarasa aikin da ke gabana.

Wane hali nake ciki, 'yar nan? Kin zauna a bencina, kin ci abinci a kwanon Innarki, abin da kika gani ke nan? Na roƙe ki abu ɗaya tak. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwo shi ne har yanzu ina neman miki uzuri. Ki amsa mini da gaskiya: ke kika rubuta?

Kawu


Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, in za ku amsa. Umma lafiya, amma tun da na karanta mata takardarka ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Ba ni na rubuta ba, Kawu. Wallahi tallahi ba ni ba ce. Takardarka sai yau ta zo hannuna, motar direba ta lalace a hanya ta yi kwanaki a gareji, har da tabon baƙin mai a jikin ambulan. Ni kuwa tun washegarin fitowar labarin na ga abin da ya faru. Na ruga tasha ko zan tsayar da waccan takardar tawa ta murna, ashe direban ya riga ya tafi. Na rubuta wata na ba wani direba, ga alama ba ta iso ba. Yaya ba ya ɗaga wayata. Inna ta ɗaga sau ɗaya ta ce tana da aiki.

Ga yadda aka yi. A ofishinmu, labarin da ake sa ran zai ja mutane, take biyu ake sa masa a lokaci ɗaya. Na'ura tana nuna wa rabin masu karatu wannan, rabi wancan. Bayan 'yan sa'o'i, wanda aka fi dannawa shi ke zama, ɗayan ya ɓace. Na san ana yi, amma ban san an yi wa nawa ba, don Edita ce ke rubuta na biyun, kuma ba ta faɗa wa mai labari, wai don kada a tsaya gardama. Wayata da ta Mai Labule sun faɗa rabin da aka nuna wa namu. Da ta ce taken ya ci, nata take nufi, ni kuma na yi ta washe baki kamar wawiya. Halin da na ce duniya ta sani, ina nufin gwanintarka da dariyar shagon. Wanda na ce ko ya ji haushi, masu labarin ƙwallo nake nufi da muka wuce su.

Don haka kai ka faɗi gaskiya, Yaya ma ya faɗi gaskiya. Ba maƙaryaci a cikinku.

Na shiga wurin Edita. Ta ce in nuna mata kalma ɗaya ta ƙarya. Ɗansa yana gidan sama? E. Yana shago? E. Yaro ne? A'a. Na ce kowace kalma gaskiya ce, amma da aka jera su sai suka haifi ƙarya. A cikin labarin na rubuta cewa Yaya ya gyara maka ɗaki kai ka ƙi, ita ta ɗauki gidan saman ta bar ƙin. Na nuna mata abin da mutane suka rubuta a ƙasa, ba ko ɗaya da ya ambaci keke. Sun danna, sun yi zagi, sun wuce. Na ce take ƙofa ce, wannan kuwa an rubuta mata gidan makoki alhali ciki hira ake.

Ba ta ba ni haƙuri ba, kada in yi maka ƙarya. Ta ce haka kasuwar take. Daga baya ta ce in sa duk taken da na ga dama, tunda labarin ya riga ya ci kasuwarsa, kuma ta yarda a rubuta a ƙasa cewa taken da aka cire bai yi wa iyalin adalci ba. Na cire nata a take na mayar da namu. Amma magana zarar bunu ce. Waɗanda suka riga suka tura wa juna, taken Edita ne a wayoyinsu.

Kawu, na tabbata Yaya bai karanta labarin ba. Take ya gani ya tsaya, kamar kowa, kuma ban ga laifinsa ba. In na tura masa a waya ba zai buɗe ba. Shi ya sa na buga labarin a takarda, na sa almakashi na yanke saman, ga shi nan cikin ambulan. Ka ba shi. Ka ce na ce shi aka ɓata wa suna, don haka shi zai sa wa labarin take. Duk abin da ya rubuta, in dai yana cikin labarin, shi zan sa, ko da zai zama aikina na ƙarshe a teburin nan. Ba a sa wa labari take sai an karanta shi har ƙarshe, dabarar ke nan, ba ni da wata.

Ka yafe mini. Da na tambaya kafin in yi murna, da ban ƙara maka ciwo a kan ciwo ba.

'Yarka,
Allura


Kawu,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da ni.

Wata ya ƙare, wani ya kama, ban ji komai ba. Direba ya ce ya ba ka waccan takardar hannu da hannu, ka karɓa. Da ya sake bi ta layinku ya ga shagon a rufe da yamma, bai tsaya tambaya ba, wai yana sauri. Na kusa cinye shi ɗanye.

An kwashe kayan ne? Kuna gidan Yaya? In haka ne ka gaya mini, zan iya ɗauka. Ko zagi ne ka rubuto, ya fi shirun nan. A ofis na zama abin tsoro, kowane take aka kawo sai na tambaya ko wanda aka yi labarin a kansa yana da 'ya'ya.

Allura


Zuwa ga 'yata Allura,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Muna lafiya. Innarki ta ce in gaya miki aikin da ta ce tana da shi a waya, fushi ne, kuma ta gama shi. Ki gaishe da Ummarki, ki ce ta sassauta miki haka nan.

Shirun laifina ne. Takardarki ta bayani na karanta na gane, na yafe tun a ranar. Amma miƙa wa yayanki labarin ya gagare ni, don kafin in miƙa sai na fara cewa na yi kuskure, kuma tsohon baki ba ya son wannan kalma. Na yi ta ɗaga wa gobe har motar kaya ta tsaya a ƙofar shago.

Ya zo da masu ɗauka biyu. Teloli suka taru a bakin ƙofa. Na ce tunda a gabansu na yi ɓarna, a gabansu zan gyara. Na ce, "Na kira ka maƙaryaci, ba ka yi ƙarya ba. Ka yafe wa ubanka." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba." Amma bai ce a fasa ba. Na yi masa bayanin take biyun nan naku, ya ce ko goma ne, abin da mutane suka gani sun gani.

Sai na ba shi takardar da saƙonki. Ya ce ba shi da lokacin wasan yara. Na ce masu ɗauka su fara da kekunan baya, shi ya zauna a benci ya karanta, ba abin da zai rage masa. Ya zauna don kunyar idon mutane.

Ina kallon sa ta saman tabarau. Da farko sauri yake, kamar mai neman inda za a sa hannu. Can sai ya rage. Ya kai wurin da na ba ki labarin ranar da yana ƙarami ya kwance keken wata mata kaf, na ɗauko bulala, kafin in dawo ya mayar da komai, keken har ya fi da daɗin ƙara. Ya ɗago ya ce shi bai tuna ba. Na ce ni na tuna, ranar na san ba a shago zai tsaya ba.

Ya ci gaba. Ya kai inda na ce miki duk abin da nake gani yanzu da idon ɗana nake gani, tunda shi ya sayi tabarau da fitila. Ya kai inda na ce ba wahala ke tsorata ni ba, abin da nake tsoro shi ne in farka da safe ba wanda ke jira na. Nan ya daɗe. Ya ce, "Baba, kai ka faɗi wannan?" Na ce ni ne. Ya ce me ya sa ban taɓa gaya masa ba. Na ce ita tambaya ta zo da ita, kai kullum da shawara a ƙulle kake zuwa.

Ya karɓi biron da nake sa wa kekuna alama, ya juya bayan takardar. Allura, ashe aikin nan naku da wuya! Injiniya guda, yana rubutawa yana sokewa, yana cizon biro, gumi yana tsatso masa. Masu ɗauka sun fitar da keke na huɗu suna tambayar a ɗauko teburin, bai ko ji su ba. Na leƙa na ga waɗanda ya soke. Ɗaya ya ce "Gaskiyar magana game da mahaifina". Ɗaya ya ce "Ba mu yar da babanmu ba". Wannan ya daɗe yana kallon sa kafin ya ja masa layi, ya ce wannan labarinsa ne shi, ba nawa ba.

Da ya rubuta na ƙarshe, ya ajiye biro ya fita waje, ya ce wa masu ɗauka su mayar da komai inda suka same shi. Suka ce an sa su aikin banza, ya ce zai sallame su. Mai Labule ta yi ta share ido da gefen mayafi tana cewa ƙura ce.

Ban fita kyauta ba, kada ki yi tsalle. Da la'asar nake rufewa yanzu, shi ya sa direbanku ya ga ƙofa a rufe. An hana ni ɗaga keke ni kaɗai. Ranar hutu kuma a gidan sama muke wuni, kujerar ma ba laifi, kada dai ki gaya masa na faɗa.

Ban sani ba ko abin da ya rubuta take ne ko talla, ke ce masaniya. In Editarku ta yi gardama ki ce ni na ce a sa. Kada ki gyara masa ko wasali ɗaya. Takardar ba zan bayar ba, tana wurina, ga shi na kwafe miki da hannuna:

"Babana yana gyaran keken ɗinki. Ku kawo naku."

Kawunki